Kiwon Kiyashi a Agege

Gidan Alhaji Harisu yana cikin tsofaffin gidajen Zangon Agege, irin waɗanda aka gina tun zamanin da fataken goro ke sauke kaya a unguwar. Mahaifinsa ne ya gina shi da laka, daga baya aka shafe da siminti aka ɗora kwano. Gidan ya girmi mai shi, mai shi kuwa ya daɗe da ba saba'in baya. Bangon kicin ya tsage daga tushe har gindin taga, kuma dama sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Amma da daminar bana ta kankama, ba ƙadangare ne ya shigo ba. Kiyashi ne, jajaye, 'yan mitsi-mitsi, layi bayan layi kamar an yi musu gayya.

Da farko Alhaji bai ɗauki abin da zafi ba. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana riƙe ƙahon bijimi a kara da abbatuwa ba zai tsaya faɗa da abin da ido ke gani da ƙyar ba. Sai wata Asabar da autarsa Badiyya ta zo daga Ikorodu. Ita ma'aikaciyar jinya ce, kuma tun da likita ya ce mahaifinta na da ciwon suga, ita ta koma uwa shi ya koma ɗa. Ta hana shi sukari, ta hana shi lemon kwalba, ta rage masa malmalar tuwo. Ran nan ta durƙusa ta kwance bandejin da ke babban yatsan ƙafarsa, inda ya yi tuntuɓe, sai ta ga kiyashi uku suna kewaya bakin ciwon. Ta miƙe ta ɗaga katifarsa. Ta daɗe tana kallon abin da ke ƙarƙashi.

"Baba, a nan kake kwana?"

"A'a, a kan kwano nake kwana, nan ɗin ado ne."

"Baba ba wasa nake ba. Mai ciwon suga da ciwo a ƙafa, ga ƙwari suna cizonsa. Ka san mutum nawa na ga an yanke musu ƙafa a kan abin da bai kai wannan ba? Ɗaki na nan a gidana, tayil ne ko'ina, babu tsaga ko ɗaya. Kai da Iya ku tattara kawai."

"Ikorodu," in ji Alhaji, kamar mai tofar da ƙwallon magarya. "Wa na sani a Ikorodu? Nan taku talatin ne tsakanina da masallaci. Limamin ma ni na feɗe ragon sunansa."

"A can ma akwai masallaci."

"Akwai masallaci, amma babu gurbina a sahu."

Aka yi ta ja. Amma yayyenta maza sun riga sun ba Badiyya wuƙa da nama a kan lafiyar tsohon, kuma ita ba ta iya sassauci ba. Daga ƙarshe ta ce ta ba shi sati biyu. Asabar ta sama za ta dawo. In ta tarar da kiyashi a ɗakinsa ko a kicin, da mota za ta zo, ba da baki ba. In babu, ba za ta sake tada maganar ba.

Alhaji ya ce ya yarda. Hajiya Hassana, matarsa, tana bakin ƙofa tana tsince shinkafa.

Washegari aka buɗe yaƙi. Ya fara da toka, ya zuba ta a bakin tsagar. Kiyashi suka kewaye toka suka wuce. Ya tsiyaya kananzir, suka ɓace yini guda, gidan ya yi ta wari har a cikin miya, kashegari suka ɓullo ta bayan kabad. Ya sayi allin nan da masu talla ke sayarwa a motocin haya na danfo suna rantsuwa cewa ko kunama ba ta tsallake shi, ya zana wa gadonsa da'ira kamar mai tsafi. Da safe ya tarar sun hau bango, sun bi silin, sun sauko ta igiyar gidan sauro. Ya fesa fiya-fiya, shi da Hajiya suka yini a tsakar gida suna atishawa, kiyashi kuwa ko a jikinsu. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Abin da ya fi ɗaure masa kai, ba raguwa suke ba, ƙaruwa suke, kuma har wani sheƙi suka fara yi kamar shanun da aka turke don layya.

Ran kwana na shida ya zauna ya yi tunani. Ruwa ba ya tsami banza. Inda ka ga kiyashi sun yi ƙiba, akwai zaƙi a kusa, gidansa kuwa shekara uku ke nan ko ƙwayar sukari ba ta kwana a ciki ba. Sai ya ɗauki sandarsa ya fita ƙofar gida.

A jikin katangarsa akwai teburin mai shayi, Nassirou, mutumin Maraɗi, wanda Alhaji ya ba wurin shekara takwas da suka wuce. Ga gwangwanayen madara a jere, ga kwalayen sukari, ga burodi a leda.

"Nassirou, yau za ka ɗaga teburin nan."

Nassirou ya ajiye butar da ke hannunsa. "Lafiya, patron?" Haka yake kiran maigida, irin na mutanen Nijar.

"Kai ka tara min kiyashi. Za a kai ni Ikorodu saboda shayinka."

"Alhaji dubi ƙafafun teburina." Ya nuna. Kowace ƙafa tana tsaye a cikin gwangwanin madara da ruwa a ciki. "Ko guda ba ya hawa. In na tashi kuma sai na wanke wurin tas. Ni da nake tsammanin sukarin da Hajiya ke saye ne ya jawo su."

"Wace Hajiyar?"

"Hajiyar gidan. Kullum in kun tafi asuba takan leƙo ta karɓi ƙwaya goma da yankin burodi. Jiya har da ɗan madara. Na ce to, patron ya samu sauƙi, an sake masa mara."

Alhaji ya dubi Nassirou, ya dubi kwalin sukari. Ya ce, "Bar teburinka inda yake." Ya juya ya shige gida.

Bai ce wa Hajiya komai ba, gani ya kori ji. Da asuba ya tafi masallaci kamar kullum, amma ana sallamewa bai zauna lazimi ba, bai tsaya gaisawa ba, ya zura takalmi ya dawo. Gari ya fara haske. Ya bi ta lungun da ke tsakanin kicin da bayi yana taka ƙasa a hankali.

Ga Hajiya Hassana a tsugune a gindin bangon da ya tsage, hijabinta na salla a jikinta. A gabanta murfin kwano. Tana murtsuke sukari da yatsu tana barbaɗawa a kan gutsattsarin burodin da aka jiƙa da madara, bakinta na motsi. Kiyashi kuwa sun fito ƙwansu da ƙwarƙwatarsu, har murfin ya koma ja.

"Hajiya, me nake gani haka?"

Ba ta firgita ba. Ta ƙarasa addu'arta ta shafa, sannan ta ce, "Sadaka ce."

"Wa kike ba?"

"Bayin Allah."

"Bayin Allah. Ni kuma bawan wa ne? Shekara uku ina shan shayi salam kamar ruwan alwala. In na ce a ɗiga min ko rabin ƙwaya, ki ce Badiyya ta hana. Ashe sukarin na nan, masu shi ne daban."

"Su ba su da ciwon suga."

"Za su samu, in dai a hannunki suke."

Ta miƙe tana dafa bango. Ta ce a ƙauyensu can wajen Ɗambatta, in wani abu ya taso wa gida wanda ya fi ƙarfin mutanen gidan, mahaifiyarta takan ɗebi gero ta kai gidan tururuwa da sassafe ta zuba, ta roƙi Allah. Ta ce sadakar da ake ba wanda ba zai iya godiya ba ita ce sadaka. Haka ta ga ana yi, kuma ba ta taɓa ganin an taɓe ba.

"To gero aka ce. Ina gero a nan?"

"Na zuba musu gero kwana biyu, ko kallonsa ba su yi ba. Kiyashin Legas ne, ba su san shi ba. Shi ne na sa musu sukari da ɗan burodi."

"Madarar fa?"

"Burodin ya bushe."

Alhaji ya ce, "To me kike roƙo da har ya kai ga madara?"

Ta gyara hijabi, ba ta dube shi ba. "Kada a raba mu da gidan nan. Shekara hamsin da ɗaya da aka kawo ni. Na san kowane ƙusa. In na yi tari maƙwabciyarmu Iya Sikira ta ji ta katanga ta tambaye ni lafiya. A Ikorodu sai dai in zauna a bene ina kallon talabijin kamar kayan ajiya."

Faɗan da Alhaji ya ƙunso tun jiya ya narke masa a ciki. Ashe su biyun abu ɗaya suke nema, shi yana jan igiya gabas, ita tana ja yamma, kiyashi na tsakiya suna cin riba. Ya sassauta murya ya ce to ta daina, tun da ta ga abin da ya jawo.

"Ba zan daina ba. Na yi niyya har ranar da Badiyya za ta zo. Tsakanina da Ubangijina ne."

"Hajiya, sadakarki ce za ta kai mu Ikorodu."

"In an rubuta."

Wanda ya zauna da mace shekara hamsin ya san inda maganarta ke ƙarewa. Alhaji ya jawo kujerar tsuguno ya zauna a lungun, ya zuba wa kiyashin ido, don ba shi da sauran dabara. Saura kwana bakwai.

Ya daɗe a wurin har rana ta hau katanga. Tun yana kallonsu da haushi har ya koma kallonsu da idon sana'a. Ya ga ba yawo suke barkatai ba. Akwai na gaba masu gano hanya, akwai 'yan bi. Masu tafiya na gefe guda, masu dawowa da kaya na gefe guda, in sun haɗu su gwara kai su wuce. Ya sa yatsa ya goge tsakiyar layin, nan take na baya suka rikice, suna dawurwura kamar garken da aka ɓatar wa burtali. Ya kuma lura da wani abu. Tun da aka ajiye murfin, layin da ke shiga kicin ya sirance, don kowa ya yi nan.

Sai ya yi dariya shi kaɗai. Shi da ya kora shanu daga tashar jirgi zuwa kara tun yana saurayi, ai ya sani ba a juya garke da duka a goshi. In ka tare su ta gaba, watsewa za su yi su shiga gonar mutane. Kanwa ake riƙewa a wuce gaba, su biyo da ƙafarsu.

Ya ƙwala wa Hajiya kira. "Niyyar da kika yi, kin ce lalle sai a gindin bangon nan?"

Ta yi tunani. "Na ce dai zan ba su."

"To za ki ba su. Amma ni zan riƙa nuna inda za a ajiye."

Washegari aka matsar da murfin taku biyu daga bango. Kiyashi suka lalubo shi kafin hantsi. Kashegari aka ƙara taku biyu, wajen rijiya. Ran na uku Alhaji ya ƙosa, ya lissafa sauran kwanaki ya ga ba su da yawa, ya ɗauki murfin ya kai shi can gindin katangar baya gaba ɗaya. Kiyashi suka fito suka nemi abincinsu suka rasa, sai suka bazu. Kafin azahar suna cikin kicin, suna cikin tukunya, har a cikin hular Alhaji da ke rataye.

"Sarkin shanu," in ji Hajiya, tana kakkaɓe hular. "Garkenka ya shiga gona."

Alhaji ya san gaskiya ta faɗa. Sannu ba ta hana zuwa. Ya mai da murfin baya kusa da rijiya, ya bi ƙasa da ɗigon ruwan sukari daga nan zuwa gaba, ɗigo nan, ɗigo can, yadda na gaba za su samu abin bi. Daga ranar sau biyu ake matsawa, safe da la'asar, taku ɗaiɗai da rabi. Shi ke auna takun, ita ke ajiye murfi ta yi addu'arta. In ta gama shi ma yakan ce amin, ciki-ciki.

Kora kuma ba ta cika sai an rufe baya. Alhaji ya fita ya samu Nassirou, ya yi gyaran murya ya ce, "Maganar ran nan, tsufa ne." Nassirou ya ce ai ba a yi komai ba. Shi ya kawo gwangwanaye huɗu aka tsoma ƙafafun gadon Alhaji a ruwa, aka janye gadon daga jikin bango, aka sauya wa gidan sauro wurin ɗauri. Shi kuma ya hau tsani ya sare reshen mangwaron da ke gogar kwano, don nan ma wata hanya ce. Suka kwaɓa siminti rabin bokiti, Alhaji ya liƙe tsagar ta cikin kicin da hannunsa, ya bar ta waje a buɗe, ya ce in ka toshe wa dabba ƙofa biyu za ta fasa ta uku. Hajiya ta wanke daɓe da ruwan omo da lemon tsami don a goge tsohon sawu. Garin tuwo da manja da busasshen kifi duk aka zuba su a robobi masu murfi.

Ran Juma'a murfin sadaka ya fita ta kafar ruwan da ke gindin katangar baya, ya sauka a kangon da ke bayan gida, gindin wata gwanda da ba ta da mai ita. Alhaji ya tsaya ya bi layin da kallo, daga tsagar waje, ta gefen rijiya, ta kafa, har gwanda. Siriri, miƙaƙƙe, babu mai ratsewa. Ko a kara bai taɓa kora mai kyau haka ba, sai dai ba abin da zai ba da labari a majalisa ba ne.

Asabar da hantsi mota ta tsaya a ƙofar gida. Badiyya ta shigo da jakarta a kafaɗa, ta gaida iyayenta, ta ajiye jakar a gefen tabarma a ɗakin Alhaji. Ta ɗaga katifa. Ta leƙa ƙarƙashin gado da fitilar waya. Ta shiga kicin ta buɗe kabad, ta shafa sabon siminti.

"Baba ka yi ƙoƙari. Amma ni ma 'yar Agege ce, na san ana share gida saboda baƙo." Ta fita wurin Nassirou ta karɓo ƙwayar sukari guda, ta ɗora a kan faranti, ta ajiye a tsakiyar ɗakin. "Oya, mu ci abinci. In mun gama mu gani."

Aka kawo wake da alayyahu. Alhaji yana ci, idonsa na kan faranti. Hajiya ta ce ita ta ƙoshi, ta zauna tana jan carbi. Badiyya kuwa ta ci a natse, ta ƙara, ta ba da labarin cunkoson hanya, ta sha ruwa, ta wanke hannu. Sukari na nan fari fat, shi kaɗai.

Har Alhaji ya fara gyara zama zai yi magana, sai ga shi. Kiyashi guda, ja, ya hau bakin faranti, ya tsaya yana motsa ƙahonni. Ga na biyu a bayansa.

Carbin Hajiya ya tsaya.

"Baba," in ji Badiyya, a hankali, don ita ma ba daɗi ta ji ba. "Alkawari dai alkawari ne."

Alhaji ya sunkuya har gemunsa ya kusa taɓa tabarma. Ya daɗe yana duba su, sannan ya ce, "Waɗannan ba nawa ba ne."

"Haba Baba."

"Nawa jajaye ne jawur, kuma sun ƙoshi. Waɗannan sun yi duhu, ga su a rame. Kuma nawa in za su shigo ta yamma za su shigo, ta wajen kicin. Waɗannan daga gabas suke." Ya ɗauki sandarsa ya bi bayansu da tsininta. Ga na uku a kan saƙar tabarma. Ga na huɗu da na biyar a gefen daɓe. Sandar ta yi ta tafiya sannu a hankali har ta dungure da jakar Badiyya. "Buɗe mu gani."

Ta zuge zif. A sama akwai ledar cincin da ta soya wa mahaifiyarta tun shekaranjiya ta ajiye a kabad ɗin kicin ɗinta. Ta ɗaga ledar. Cincin ɗin har motsi yake.

Hajiya ce ta fara dariya, ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa. Badiyya ta riƙe ledar da yatsu biyu, ta rasa inda za ta sa ta.

"Gidan tayil," in ji Alhaji, yana komawa mazauninsa. "Laifi tudu ne, 'yar nan."

"Sabon gini ne fa, Baba. Wallahi ban san ta inda suka shiga ba."

"Ba su tambayi shekarun gini ba."

Sai ita ma dariyar ta ƙwace mata. Ta ce to, ta ji, sun ci. Amma ranar Litinin za ta turo magini ya sassaƙe bangon kicin ya sake shi tun daga tushe, ba wannan liƙin na Baba ba, kuma duk sati biyu za ta zo ta duba ƙafar nan, in ta ga abin da bai yi mata ba, sabuwar magana ce. Alhaji ya ce magini ya zo, amma shi zai tsaya a kansa. Ya miƙa mata ƙafar. Ta kwance bandeji, ta ga ciwon ya kame ya fara fata, ta naɗa sabo.

Hajiya ta karɓi ledar cincin, ta tattare bakinta a hankali yadda ko guda ba zai faɗo ba, ta nufi ƙofar baya.

"Iya ina za ki da shi? Ki jefa a bola mana."

"Baƙi ne, zan kai su masauki."

Alhaji ya ɗaga murya ta taga. "Ki ajiye su can gefe da gwandar, kada ki haɗa su da nawa. Ba a san halinsu ba tukuna."